Tumatirina Yana Zubar Da Fure, In Tuge Ko In Bari?

Assalamu alaikum Anti. Wata uku ke nan da na dasa tumatir gindi tara a bayan ɗakina, shida a baƙaƙen bokitan roba, uku a buhu, duka a kan daɓen siminti. Da farko abin gwanin ban sha'awa, har sun kawo mini ƙugu. Da zafi ya shigo sai komai ya juya. Fure ya fito, kwana uku ya bushe ya faɗi. 'Yan ƙwayoyin da suka kama kuma gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Na ƙara taki sau biyu, na daka ɓawon ƙwai na zuba, na yi feshin magani, amma ganye kawai ke ƙaruwa. Maigidana ya ce in tuge in huta da asarar ruwa. Maƙwabciyata kuma ta ce akwai waɗanda hannunsu ba ya karɓar shuka, ni ma har na fara yarda. Abin da ya fi damuna shi ne 'yata mai shekara bakwai, tare muka shuka, kullum da safe sai ta je ta ƙirga furannin da suka faɗi. Anti, in tuge ne?

Wata uwa mai neman shawara

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki tuge, aƙalla ba duka ba. Zancen hannu kuma ki cire shi daga ranki tun yau. Matar da ta ɗauki ƙwayar irin da da ƙyar ake riƙe ta tsakanin yatsu biyu, ta rene ta wata uku har ta kawo mata ƙugu tana fure, ba a cewa hannunta ba ya karɓar shuka. Abin da kika kwatanta mini, daga zubar fure har baƙin gindi, labarin zafi ne da ruwa, kuma haka yake samun manoman da suka tsufa a cikin sana'ar.

Gobe da safe ki kama hannun yarinyar ku je ku durƙusa gaban gindi ɗaya. Ki duba bayan furen, a jikin siririn hannun da ke riƙe da shi, za ki ga wata 'yar gaɓa mai kama da gwiwa. A furen da zai faɗi, wannan gaɓar ce take fara yin ruwan ɗorawa, sai ta yi laushi, ko da ɗan yatsa kika taɓa sai furen ya ɓalle tsaf, babu cizon ƙwaro, babu ruɓa. Shukar ce da kanta ta yanke shi. Furen tumatir yana ɗauke da namiji da mace a wuri ɗaya, kuma ba ya zama ƙwaya sai garin fure, wannan ƙurar mai ruwan ɗorawa da ke cikin tsinin tsakiyarsa, ta zubo a kan ɓangaren macen. Wannan garin kuwa ba ya jure zafi. Tumatir ya fi jin daɗi idan rana tana tsakanin digiri 21 da 27 a ma'aunin Salsiyas. Da zarar ta zarce 32 tana maimaitawa kwana da kwanaki, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 21 zuwa 24, sai garin ya ragu, wanda ya fito ma yawancinsa ba shi da rai. Furen da bai samu barbara ba nauyi ne kawai a kan uwar, don haka sai ta sauke shi.

Mutane sun fi lura da zafin rana, amma zafin dare ya fi yi wa tumatir ɓarna. Da rana ganye yana haɗa abinci, da dare shukar tana numfashi tana ƙona abin da ta haɗa. Idan daren ya yi zafi sai ta ƙone kaso mai yawa, safiya ta yi babu rarar da za a ciyar da fure. Halinsa ke nan tun asali. Kakanninsa na daji daga yammacin Kudancin Amurka suke, yankin duwatsun Andis, a Meziko ya zama amfanin gona sosai, sannan 'yan Sifaniya suka ƙetara da shi Turai a ƙarni na 16. Duk inda aka kai shi a duniya, rana mai ɗumi da dare mai sanyi-sanyi yake nema.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe, domin shi ne ke sa mutane su karaya a daidai lokacin da gyaransu ya fara aiki. Garin fure yana haɗuwa ne tun furen yana dunƙule, kamar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya buɗe, kuma a wannan lokacin ne zafi ya fi lalata shi. Ke nan furen da ya faɗi yau, tun wancan satin aka yi masa illa. Idan kika yi duk abin da zan faɗa miki gobe, furannin sati mai zuwa ma za su iya faɗuwa. Ki ba shi sati biyu zuwa uku kafin ki yanke hukunci.

Taki dai ki ɗaga masa ƙafa. Na san abin da ya sa kika ƙara, duk wadda ta ga abin da take reno yana baya, abinci za ta fara tunawa. Sai dai an yi garin neman gira. Yawan naitirojin, ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin taki, yana tura tumatir ga ganye da tsawo, ya manta da 'ya'ya, shi ya sa kike ganin duhun ganye babu ƙwaya. Ganyen nan masu yawa kuma su ne ke shanye ruwan bokitin kafin azahar. A bokiti abin ya fi muni, domin gishirin takin zamani ba shi da inda zai gudu, yana taruwa ya ƙona ƙananan saiwoyi. Ki duba saman ƙasar da leɓen bokitin, in kin ga wani farin ɓawo kamar an barbaɗa gari, shi ne. Ki zuba ruwa mai yawa sau ɗaya da safe, a hankali, har ya riƙa zuba ta ƙasa na ɗan lokaci, ya wanke shi. Daga nan kada ki sake ba shi komai sai kin ga ƙwaya ta kama, lokacin ki ba shi kaɗan, wanda sinadarin fotasiyam ɗinsa ya fi naitirojin yawa.

Yanzu ga inda na fi zargi, baƙin bokiti a kan siminti. Yau da misalin ƙarfe biyu ko uku ki ɗora tafin hannunki a jikin bokitin ta ɓangaren da rana ke duka. Na taɓa yin haka da nawa, ban iya ƙirga biyar ba na janye hannu. Da na juye bokitin daga baya, saiwoyin da ke manne da jikin robar ta wannan ɓangaren duk sun yi ruwan ƙasa sun tsotse kamar zaren da aka babbaka, na ɗaya ɓangaren kuwa farare sol. Rabin bakin da shukar ke shan ruwa da shi ya mutu ke nan, ni kuma ina ta ƙara ruwa ina mamaki. Siminti yana shan zafi wuni guda, da dare ya riƙa amayar da shi a ƙarƙashin shukar, a daidai lokacin da take neman sanyi.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Ki ɗaga bokitan daga kan daɓen, ki ɗora su a kan katako ko bulo yadda iska za ta bi ta ƙasa. Ki naɗe jikinsu da farin buhu ko kwali ko tsohon zane mai haske. Ki matso da su kusa da juna su riƙa yi wa junansu inuwa, amma ki bar ɗan fili tsakanin ganyayyaki. Ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko busasshen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 8, ki bar faɗin yatsa biyu tsakaninsa da karan. Kuma in bango yana kusa, irin wanda rana ke gasawa da yamma, ki janye su daga jikinsa. Ba ki faɗa mini girman bokitan ba. Gindi ɗaya yana son abin da ya kai lita 20, in naki sun gaza haka sosai, to ruwansu zai riƙa ƙarewa da wuri, sai ki ƙara sa musu ido.

Sai inuwa. Tumatir yana buƙatar rana awa 6 zuwa 8, amma a irin wannan lokacin ki zaɓar masa ranar safe, ki kare shi daga ta azahar zuwa la'asar. Akwai ragar inuwa da ake yi don haka, wadda ke tare kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na haske ta isa. In babu, tsohon gidan sauro da aka ninka biyu ko farin ƙyalle marar kauri zai yi. Ki ɗaure shi can sama, kada ya taɓa ganye, gefuna a buɗe. Leda kam a'a, dafa shi za ta yi. Kuma ko wa ya ce ki rage ganye don rana ta sami 'ya'yan, kada ki yi a yanzu. Ganyen nan su ne laimar ƙwayar, in kin cire sai rana ta ƙone gefenta ya yi fari kamar takarda.

Baƙin gindin da kika gani ba cuta ba ce mai yaɗuwa, babu ƙwaro a ciki, babu feshin da ke warkar da shi. Ƙarancin kalsiyam ne a ƙarshen ƙwayar. Amma yawanci kalsiyam ɗin yana nan a ƙasa, hanyar kai shi ce ta yanke. Wannan sinadari ba ya tafiya a jikin shuka sai cikin ruwan da saiwa ke turawa sama, kuma ganye ya fi ƙwaya jan ruwa. Ranar da bokiti ya bushe, ganye ne ke kwashe ɗan abin da ya rage, ƙwayar da ke girma ta rasa, wurin da ya fi nisa da hannunta, wato gindin, shi ke fara mutuwa. Bushewa yau, ambaliya gobe, shi ne ke kawo wannan. Ɓawon ƙwan da kika daka ba zai cutar ba, sai dai yana ɗaukar watanni masu yawa kafin ya narke, ba zai ceci ƙwayar bana ba. Waɗanda suka riga suka yi baƙi ki tsinke su, ba za su gyaru ba, ƙarfin uwar kawai suke ci. Dogayen tumatir sun fi ƙanana masu kewaye saurin kamuwa da wannan.

Maganinsa ban ruwa ne da ba ya tsalle. Kowace safiya, a lokaci ɗaya, ki zuba a gindi a hankali har ki ga ya fara ɗiga ta hudar ƙasa. Da la'asar ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in ya fito a bushe ki ƙara, in da danshi ki bari. Za ki ga da tsakar rana ganye ya yi yaushi ko ya naɗe kamar cokali ko da ƙasar na da danshi. Kare kansa yake yi, da magariba zai miƙe. Kada ki gan shi haka ki ruga da ruwa ba tare da kin taɓa ƙasar ba, domin saiwar da ta jiƙe sharkaf cikin zafi ruɓewa take. Ki tabbata kowane bokiti yana da huda huɗu ko biyar a ƙasa kuma ba su toshe ba.

Akwai wani ɗan aiki da ya dace da hannun yarinyarki. Garin furen tumatir ba ya zubowa sai an girgiza shi, a fili iska da wasu ƙudajen zuma masu kaɗa fure ne ke yin wannan, bayan ɗaki kuwa sau da yawa babu ko ɗaya. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta yi ƙarfi, ta riƙa ɗan ƙyasta hannun kowane gungun fure da yatsa sau biyu ko uku. In kun tsaya ta inda haske ke ratsowa, wani lokaci za ku ga 'yar ƙura ta tashi. Ba zan ɓoye miki ba, garin da zafi ya kashe girgiza ba ta tayar da shi. Amma ko a tsakiyar zafi akan sami kwana biyu ko uku masu sauƙi, kuma furannin waɗannan kwanakin su ne za ku ci.

Feshi kuma ki daina sai kin ga abin da kike fesawa. Magani a kan ganyen da rana ta gasa ƙuna yake ƙarawa, ya kuma kashe ƙwarin da ke cinye masu ɓarnar. Ki riƙa juya ganye kina duba bayansa sau biyu a sati. In kin ga saman ganyen ya yi ɗigo-ɗigon fari kamar an tsittsira shi da allura, ki tara farar takarda ki kaɗa, ƙananan ɗigon da za ki ga suna motsi su ne jan gizon da ke son zafi da bushewa. Wanke bayan ganye da ruwa mai ɗan ƙarfi yana rage su, man darbejiya da aka sirka ma yana taimakawa, da yamma kawai. In kin ga wani fili a jikin ganye ya zama kamar tagar takarda, da baƙin kashi a ciki, ki ɗaga shi a haske, akwai 'yar tsutsa tsakanin fatun ganyen biyu. Ita ce tuta absoluta, wadda ta fito daga Kudancin Amurka ta ɓulla a Sifaniya a 2006, daga nan ta bazu Turai da Afirka da Asiya. A gindi tara, yatsunki sun fi kowace kwalba: ki tsinke ganyen, ki murje, ki ƙulle a leda ki jefar.

To, maganar maigidanki. Kada ki ɗauke ta a matsayin sare gwiwa, akwai gaskiya a cikinta, ruwa ba abin wasa ba ne. Shawarata ku je tare ku tantance. Duk gindin da ya tsugune ya daina girma, sababbin ganyensa suka fito ƙanana, a naɗe sama, gefensu rawaya, wannan cutar bairos ce da farin ƙuda ke yaɗawa, ba ta da magani, a tuge shi a fitar da shi. Wanda ya yi yaushi gaba ɗaya yana kore shar, ƙasa da danshi, bai kuma miƙe da dare ba, ki yanki guntun karansa na ƙasa ki rataya bakinsa cikin ruwa a kofin gilashi. In bayan 'yan mintuna kika ga wani farin zare kamar madara yana sauka daga bakin yankan, cutar bakteriya ce, shi da ƙasarsa duka su tafi, a wanke bokitin sosai. Daga sauran ki zaɓi biyar ko shida mafi ƙarfi ki mayar da hankali a kansu. Da rufin ciyawa da inuwa, shi ma zai ga ruwan da ake kashewa ya ragu. Ruwan da kika wanke kayan lambu ko 'ya'yan itace da shi ma ki tara musu, muddin babu gishiri ko bilic ko sabulun wanki a ciki.

Abin da na fi so ki yi kuwa shi ne wannan. A hammatar kowane ganye, tsakaninsa da kara, akwai ɗan reshen da ke tohowa. Ki zaɓi lafiyayyu daga gindin da ya fi kyau, masu tsawon santimita 10 zuwa 15, ki ɓalle su, ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma su a kwalbar ruwa a wuri mai haske da rana ba ta duka. Ki riƙa sauya ruwan duk kwana biyu. Cikin sati ɗaya zuwa kwana goma za ki ga fararen saiwoyi sun fito a jikin karan kamar gashi. Ki dasa su da zurfi, ki binne rabin karan, domin tumatir yana fitar da saiwa a duk inda ƙasa ta taɓa jikinsa. Waɗannan sun riga wanda aka shuka daga iri da makonni, kuma za su zo fure a lokacin da dare ya fara sauƙi. Ko da iyayen sun gaza, aikinku na wata uku bai tafi a banza ba.

Ƙwayar da ta kama kuma, kada ki jira ta yi ja a jikin uwar. Launin jan tumatir ba ya haɗuwa sosai idan zafi ya wuce digiri 30, sai ta tsaya a ruwan lemo tana laushi. Da kin ga gindinta ya fara sauya launi ki tsinke ta, ki ajiye a ɗaki a inuwa, za ta ƙarasa nuna da kanta. In kina sauri ki haɗa ta da nunanniyar ayaba a jakar takarda. Firji kuwa yana tsayar da nunarta ya kashe ɗanɗanonta.

In ruwan sama ya sauka bayan zafin nan, kiɗa ya canza. Ki ɗaure karan a sanda, ki cire ganyen ƙasa da ke taɓa ƙasa, domin fantsalin laka ne ke ɗora cutar ɗigon ganye, ki kuma tsinke waɗanda suka fara nuna kafin babban ruwa, in ba haka ba su tsage.

Baɗi, in Allah ya kai mu, ki yi lissafi da baya. Daga shuka iri zuwa dashe sati 4 zuwa 6 ne, daga dashe zuwa fure kamar wata ɗaya, daga fure zuwa nuna sati 6 zuwa 8. Ki tsara yadda furen zai faɗo a watannin da dare ke da sanyi a inda kike. In kuma dole sai kin ratsa zafi, ki nemi ƙananan tumatir masu fitowa gungu-gungu, sun fi manya riƙe fure, ko irin da aka rubuta a jikin fakitinsa cewa yana jure zafi. Ba talla ba ce kawai, Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya da aka kafa a Taiwan a 1971 ta daɗe tana aikin fitar da irin waɗannan.

Ita kuma 'yar tawa, ki faɗa mata gaskiya daidai hankalinta: zafi ne ya yi wa furen yawa, uwar tana ajiye ƙarfinta, ba laifin kowa ba ne. Ki sauya mata abin ƙirga. Ki ba ta kwalbar rassan ta zama tata, ta riƙa duba saiwa kowace safiya. Ki kuma ba ta jan zare ta ɗaura a gungun furen da ta girgiza. Bayan kwana huɗu ko biyar ku duba tare, in furen ya bushe amma gaɓar nan tana kore, ki ɗaga busasshen furen a hankali da farce, a ƙarƙashinsa za ku tarar da ɗan koren ƙwallo da bai kai kan ashana biyu ba.

Ki sake rubuto mini bayan sati uku, ki faɗa mini girman bokitan, da gindi nawa kuka bari, da ko baƙin gindin ya sake fitowa a sababbin ƙwayoyin. A gaida maigida, a shafa mini kan yarinyar.